Shawarwarin da aka ba mai son koyon gyaran bindigar farauta a Jidda

Wani ƙanenmu ya ce ya ɗan iya injin sassaƙa ƙarfe, wanda Larabawa ke kira makhraɗa, yana son shiga gyaran bindigogin farauta. Dattawan da muka zauna da su bayan isha'i duk bakinsu ɗaya: a Saudiyya ba a taɓa wannan sana'a sai da lasisin Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida, ballantana baƙo mai iƙama, wato takardar izinin zama. Ko bindigar aboki aka kawo, kada ya karɓa.

Inda aka daɗe shi ne awo. Wani tsohon makaniken Sina'iyya, unguwar masana'antu da garejoji, ya ce, “Yaro, inci ɗaya milimita 25.4 ne. In maikromita, na'urar auna kaurin ƙarfe, ba ta zauna maka a hannu ba, asarar ƙarfen mutane za ka yi ta yi.” Ya ce ya fara da ƙusoshi masu zare da kayan mota, ya koyi riƙe zarto kafin inji. Ni ma nan na karkata, don a can abincin yake.

Sai maganar riga. Hannun jallabiya ko safar hannu kusa da inji mai juyawa, fizga ɗaya ce. Makullin ɗaure ƙarfe kuma a zare shi kafin a kunna.