Kwatar unguwa ta toshe ga damina na tafe: wa kuka nema, me ya biyo baya?

Mazaunin Lungu, Kano:
Assalamu alaikum. Ina roƙon duk wanda ya taɓa shiga irin halin da muke ciki ya ba mu labarin yadda ya yi, domin mu dabara ta ƙare mana. Layinmu yana cikin ɗaya daga tsofaffin unguwannin Kano, kuma tun muna yara ruwan sama yana gangarawa ne zuwa wani kududdufi da ke bayan makarantar allo. Shekarun baya aka cike kududdufin da shara da ɓaraguzai, aka yanka filaye, aka tayar da gine-gine, shi kuwa ruwa ba wanda ya sanar da shi an sayar da gidansa. Kwata ɗaya da ta rage mana, wadda take kai ruwa babban lambatun bakin titi, ta cika da yashi da ledar fiya wata, kwalbatin da ke mahaɗar kuma ya burma. A watan Agustan bara, wajen ƙarfe biyun dare, na farka na sa ƙafa ƙasa sai na ji ta cikin ruwa har idon sawu. Muka ɗora katifa a kan durom, muka ɗora yara a kan katifar, ni da maƙwabcina muka kwana muna kwarfe zaure da bokiti, buhun gerona kuma da ke jingine a bayan ƙofa bai ƙara amfanuwa ba. Sau uku muna zuwa gidan kansilanmu, kuma kowane zuwa yana karɓarmu da mutunci, ya ce maganar tana gaban shugaban ƙaramar hukuma. Yanzu ga hadari ya fara haɗowa daga gabas. Shin aikin wane ne wannan, kuma ta wace ƙofa ake shiga a samu biyan buƙata?

Tsohon Kansila:
Wa alaikumus salam. Malam, Allah ya kiyaye gaba. Na yi kansila zango ɗaya a wata jiha ta arewa maso yamma, saboda haka bari in faɗa maka abin da kansilanku yake jin nauyin faɗa. A takarda aikin na ƙaramar hukuma ne babu tantama, domin Jadawali na Huɗu na kundin tsarin mulkin 1999 ya lissafa magudanan ruwa da kwashe shara da fitilun titi da maƙabartu da kasuwanni da tashoshin mota cikin ayyukan ƙananan hukumomi 774 na ƙasar nan. Amma kansilan mazaɓa ba ya riƙe da ko sisin aiki. Shi ɗan majalisa ne, nasa ya kai koke zauren majalisa, ya sa baki a kasafin kuɗi, ya yi ta bibiya. Masu taɓa aiki su ne shugaba, da kansila mai gafaka na ayyuka, da shugaban sashen ayyuka, da ma'aji, kuma a zamaninmu ko su ɗin sai sun nemi sahalewar ma'aikatar ƙananan hukumomi ta jiha idan kuɗin ya wuce wani ƙayyadadden adadi, tun da kason da ke zuwa daga Abuja yana sauka ne a asusun haɗin gwiwa na jiha da ƙananan hukumomi.

Kuskurenku shi ne zuwa gida da baki kawai. A ƙofar gidana kullum safiya nakan tarar da mutum ashirin ko fiye, wannan da takardar magani, wancan matarsa ta haihu, wani kuɗin jarrabawar ɗansa, kuma gaskiyar magana mai takardar magani ya fi mai maganar kwata samun biyan buƙata, domin shi dubu biyar ta sallame shi. Ku rubuta takarda zuwa ga shugaba ta hannun kansila, mai unguwa ya sa hannu, limamin masallacinku ya sa, magidanta su sa, ku haɗa da hotunan ɓarnar bara. Sannan ku sani cewa kwalbati aikin kasafi ne, kuma ana haɗa kasafi ne a ƙarshen shekara, don haka wanda ya kawo kokensa a watan Yuni ya makara da wata shida ko kuma ya yi sammako da wata shida. Abin da za ku iya samu yanzu shi ne yashe kwata da motar kwasa.

Malamar Firamare, jihar Kaduna:
Honarabul ya faɗi gaskiya game da takarda, sai dai ina so in ƙara abin da ya same mu bayan mun rubuta ta. Mun kai tamu sakatariya, wani ma'aikaci ya karɓa ya jefa a aljihun tebur, bayan mako uku da muka koma aka ce ba a taɓa ganinta ba. A karo na biyu wata tsohuwar ma'aikaciya ta ja ni gefe ta ce, "Malama, ki yi kwafi biyu, ki sa a buga miki hatimin karɓa da kwanan wata a kan taki, kada ki bar wurin sai an buga." Wannan hatimin shi ya zama makaminmu, domin duk ofishin da muka shiga sai mu ajiye kwafin a kan tebur, ba mai iya cewa bai san zancen ba.

Abu na biyu, mu mata ne muka ɗauki nauyin bibiyar, saboda mu muke wuni a gida da warin kwatar, mu muke jinyar yara idan zazzaɓin cizon sauro ko amai da gudawa ya shigo. Mu tara muka sa hijabanmu muka je ranar da muka tabbatar shugaban sashen ayyuka yana nan, ba mu ɗaga murya ba, muka zauna a benci tun ƙarfe tara har azahar. Zuwanmu na bakwai aka ba mu tifa ta yini biyu. Ina jan hankalinku a kan tifar nan, domin shekarar da ta gabaci wannan samarinmu sun yashe kwatar tas a ranar tsaftar muhalli, suka tara dagwalon a gefen hanya da niyyar za a zo a kwashe, ba a zo ba, ruwan farko ya mayar da shi inda aka ciro shi. Yasa ba kwasa wahalar banza ce.

Birkila, jihar Katsina:
Ni a layinmu ba mu jira kowa ba, kuma ba don muna da hali ba ne, sai don katangar gidan wata gwauruwa ta faɗi, Allah ya sa ba kowa a gindinta. Mai unguwa ya tara mu bayan sallar isha'i aka yanka wa kowane gida abin da zai kawo, masu shago aka ninka musu, wanda ba shi da kuɗi ya kawo ƙarfinsa, ni kuma na ba da aikin hannuna kyauta. Mun yi rashin sa'a aikin ya faɗo farkon 2024, lokacin da buhun siminti ya haura naira dubu goma, dole muka rage tsawon abin da muka yi niyya.

Tun da sana'ata ce, ga abin da nake gani ana kuskurewa. Mutane sukan zurfafa kwata a ƙofar gidajensu ba tare da sun duba inda za ta zube ba, alhali idan bakin da take zubawa ya fi ta tudu, rijiya kuka haƙa ba magudana ba. A fara daga mazuba a yo baya, a ja igiya, a tabbatar da gangare. Kwalbatin da mota za ta hau kuma kada a yi masa rowar rodi, kada a bari a taka shi kafin kankaren ya yi ƙwari, ana ba shi ruwa safe da yamma. Murfin kwata a yi shi gutsi-gutsi yadda mutum biyu za su iya ɗagawa, domin wanda aka zuba shi a haɗe ranar yasa sai an fasa.

Amma abin da ya fi siminti ba mu wahala shi ne wani bawan Allah mai hali da ya gina dakali da matakalar shagonsa a kan kwatar, ya toshe rabinta. Mun yi masa magana ya ce filinsa ne. Mai unguwa ya je ya dawo, sai da aka kai maganar gaban dagaci, dagaci ya zo da kansa da duba-gari suka tsaya a wurin, sannan ya yarda aka fasa, da sharaɗin mu mayar masa da matakala ta ƙarfe. Da kansila muka tura, ina kyautata zaton ba zai iya ba, domin mutumin yana da ƙuri'u a gidansa. Wani abin dariya, da zaɓe ya matso sai muka wayi gari an shafa wa kwalbatinmu fentin jam'iyya.

Mai Shagon Bakin Titi:
Ku gafarce ni, ni ban yarda da wannan hanya ta Malam Birkila ba, ko da yake ina jinjina wa ƙoƙarinsu. Duk shekara masu karɓar kuɗin shiga na ƙaramar hukuma suna zuwa shagona da rasit, ban taɓa jin sun ɓata hanya ba, kuma ba su taɓa cewa in rubuto takarda in haɗa da hoto kafin su karɓa ba. Idan mu za mu haƙa rijiyar burtsatse, mu sayi taransifoma, mu biya 'yan sintiri, mu gina kwalbati, to me ya rage wa hukuma? Duk ranar da unguwa ta yi wa kanta aiki, ta koya wa shugaba cewa idan ya yi shiru za a yi ba da shi ba. Kuma ina tambayar Honarabul, ba Kotun Ƙoli ta ce a riƙa ba su kuɗinsu kai tsaye ba?

Tsohon Kansila:
Alhaji, haka ne. Ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a ƙarar da Antoni Janar na Tarayya Lateef Fagbemi ya shigar, ta ce a riƙa tura kason ƙananan hukumomi kai tsaye zuwa asusunsu, ta kuma haramta wa gwamnoni rushe zaɓaɓɓun shugabanni su naɗa kantomomi. Shi ya sa kuka ga jihohi da dama sun yi ta gaggawar shirya zaɓe a ƙarshen shekarar 2024, Kano ma ta yi nata na ƙananan hukumomi 44 a watan Oktoba. Sai dai hukunci daban, aiwatarwa daban, kuma ko kuɗin ya sauka a asusun shugaba, wanda ya tsayar da shi takara yana nan. Duk da haka hukuncin ya ba ku abin faɗa: da can amsa ɗaya ce, "kuɗi yana jiha", yanzu kuwa kuna da damar tambayar nawa ya shigo a watan jiya kuma ina ya tafi. Ban ce kada a matsa wa hukuma ba, amma ruwan Agusta ba ya jiran a gama shari'a.

Ɗan Birni, Damagaram:
'Yan'uwa na Nijeriya, ku gode wa Allah kuna da kansilan da za ku je gidansa. Mu a Nijar tun watan Afrilun 2024 gwamnatin soja ta rushe majalisun da aka zaɓa, aka naɗa kantomomi a madadin magadan gari. Da can kansilan unguwarmu sahu ɗaya muke sallah da shi, idan ya yi alkawari bai cika ba a bakin masallaci ake tare shi. Yanzu ƙofa ɗaya ta rage, ita ce mai unguwa, shi yake ɗaukar kokenmu zuwa ma'aikatar magajin gari. Daminar shekarar 2024 kuwa ba za mu manta da ita ba, domin a farkon Satumba tsohon masallacin ƙasa na unguwar Birni, wanda ya haura shekara 150, ya rushe muna kallo. Abin da ya cece mu a layinmu shi ne 'yan fada, samarin nan da ake yi wa kallon masu zaman shayi kawai. Muka haɗa musu jika goma sha biyar, wato sefa dubu goma sha biyar, na hayar amalanke da shebur da abinci, suka yi kwana uku suna yasa, masu amalanken shanu suna kwashewa zuwa bayan gari. Inda tifa ba ta samuwa, ko ba ta iya shiga lungu, amalanke tana yi.

Ɗan Zango, Akara:
Mu a Gana muna zaɓen wakilin unguwa a majalisar gunduma ba tare da tutar jam'iyya ba, amma shugaban gundumar shugaban ƙasa ne yake naɗa shi, don haka wakilinmu ma ba kuɗi a hannunsa, kamar yadda Honarabul ya bayyana. Tun bayan musibar 3 ga Yunin 2015, lokacin da ambaliya ta haɗu da gobarar gidan mai a Akara mutum fiye da 150 suka rasu, ba mai ɗaukar maganar kwata da wasa a zangonmu. Abin da muka yi shi ne sarkin zango da limamai suka sa doka cewa duk gidan da aka kama yana juye shara a kwata idan hadari ya taso zai biya tara, domin a nan wasu jiran ruwa suke yi ya kwashe musu bola.

Mazaunin Lungu, Kano:
Allah ya saka wa kowa da alheri. Daren jiya mun zauna a ƙofar gidan mai unguwa na karanta musu abin da kuka rubuto. An rubuta takardar, magidanta ashirin da shida sun sa hannu, liman ya sa, gobe Litinin ni da wasu dattawa biyu za mu kai, kuma Malama, kwafi biyu muka yi. Mun raba buƙatar gida biyu kamar yadda Honarabul ya nuna: tifa yanzu, kwalbati a kasafin baɗi. Asabar ɗin ƙarshen wata, lokacin da ake hana zirga-zirga don tsaftar muhalli, za mu yi gayya, kuma mun yi magana da masu kura huɗu ko da tifar ba ta zo ba. Alhaji mai shago, maganarka ma ta samu magoya baya, har an ce a rubuta a takardar cewa yasa kawai muka ɗauka, ginin kwalbati yana wuyan hukuma. Matsalar da ta hana mu tashi da wuri ita ce, da muka ja igiya daga mazuba kamar yadda Malam Birkila ya ce, sai muka tarar wurin da kwatar ta fi tsukewa yana ƙarƙashin shagon ƙanin mai unguwa ne. Shi mai unguwa ya ce a bar masa zuwa Juma'a.