Gurbi a Laknau: in tafi da sassaƙen marke ko in hau aikin sufabaiza?

Abu Ammar: Assalamu alaikum malamaina. Shawara nake nema. An ba ni gurbin digiri na uku a cibiyar binciken magunguna ta CDRI da ke Laknau a Indiya, ta tallafin CSIR (hukumar binciken kimiyya ta gwamnatin Indiya) da TWAS (ƙungiyar masana kimiyya mai tallafa wa ƙasashe masu tasowa). Aikin da na tsara a kan sassaƙen marke ne, ina son ware sinadaran da ke cikinsa. Sufabaizan ya ce ko dai in zo da kayana daga gida, ko ya ɗora ni a kan aikin da ɗakin gwajinsa ke yi. Wanne ya fi? In da kayana zan tafi, gari ko tatacce, kuma kilo nawa?

Ɗan Birni: Tunda shawara kake nema, fara da rigakafin cutar shawara. Katin ba ya aiki sai an kwana 10 da yin allurar, kuma in ka sauka babu shi suna iya killace ka har kwana 6. Sannan duk bizar da ta haura kwana 180, sai ka yi rajista da ofishin baƙi na FRRO cikin kwana 14 da sauka. Ta intanet ake yi, amma za su nemi takardar cibiya da shaidar inda kake kwana.

Dakta Maman Hanif: Wa alaikumus salam. Malam, kar ka ɗauki gari. Kayan tsiro sai da takardar lafiyar tsirrai daga NAQS, hukumar killace tsirrai da dabbobi ta nan Najeriya, da izinin shigarwa daga can, kuma cibiyar ce za ta nema maka, ba kai ba. Tatacce ya fi sauƙin ɗauka. Ka shanya sassaƙen a inuwa, a niƙa, ka jiƙa da metanol sau uku, awa 72 kowane zubi. Ka janye metanol ɗin da zafin da bai wuce digiri 40 ba, ka busar ƙarau. In ka bar danshi ko kaɗan, kafin ka isa ya yi funfuna. Ni dai ƙasa da kilo 3 na gari ba na ba ɗalibi shawarar farawa, don bayan an raba da hekzen da etil asitet an hau kolum (bututun da ake ware sinadarai a cikinsa), abin da ke fita tsantsa miligiram ne. Gwajin NMR (injin da ke gano tsarin sinadari) na haidirojin yana son miligiram 5 zuwa 10, na kabon kuwa 20 ko fiye. Kuma ka ajiye samfurin ganye da reshe a ma'adanar tsirrai ta jami'a a ba ka lamba. Babu wannan lambar, mujalla mai mutunci ba za ta saurare ka ba.

Na Gidan Sarki: Duk wannan wahalar, a ƙarshe lufiyol da bita-sitosterol za su fito, a ce maka an san su tun kafin a haifi kakanka.

Malam Tsoho: Ku bar maganar kilo. Tambayar farko ita ce shekarun sufabaizan nawa. Masu bincike a cibiyoyin CSIR suna ritaya a shekara 60, ba kamar malaman cibiyar kimiyya ta IISc ta Bangalo da ke kai 65 ba. Akwai yaron da aka tura wata cibiya, ba zan faɗi sunanta ba, ya tafi da tataccen ganyen sabara. Mutumin da ya karɓe shi saura wata 20 ya ajiye aiki, bai gaya masa ba. Watannin farko suka tafi a darussan dole. Da ya fara hawa kolum, kuɗin aikin da ɗakin ke ci bai shafi sabara ba, don haka duk litar sinadarin da zai zuba sai ya roƙa, layin NMR kuma 'yan ɗakin ne a gaba. Mutumin ya yi ritaya, aka miƙa shi ga wata mata da ke haɗa sinadarai daga tushe, ba ruwanta da tsiro. Ta ce ya fara sabo. Bizarsa tana ɗauke da sunan cibiyar, ba damar ya ɗauki jaka ya koma wata. Ana cikin haka firizar da aka ajiye kwalaben abin da ya ware ta tsaya a lokacin hutu, rabin kwalaben suka canja launi. Shekara biyu da rabi ta tafi a banza, ga mata da 'ya'ya a gida.

Abu Ammar: Innalillahi. Allah ya kiyaye. To ya gama kuwa?

Malam Tsoho: Ya gama, amma ba a kan sabara ba.

Injiniya Bichi: Ranka ya daɗe, labari ɗaya ba ya zama hukunci. CDRI ɗin nan da cibiyar tsirran magani ta CIMAP, duk a Laknau, su suka fitar da allurar zazzaɓin cizon sauro ta artita daga tazargade. Wurin da ya san tsiro ne. Kuma kuɗin wata rupi 31,000 ne, mutum ɗaya zai rayu har ya turo gida.

Dakta Maman Hanif: Injiniya, lissafinka ya tsufa. Tun 2023 aka mayar da shi 37,000 a shekara biyun farko, 42,000 bayan nan. Kuma wannan na 'yan ƙasa ne masu tallafin gwamnati. Abu Ammar ya duba abin da aka rubuta a takardarsa, ya tambaya ko da kuɗin haya a ciki ko ɗaki za a ba shi.

Injiniya Bichi: 31,000 na sani, Hajiya.

Malam Tsoho: Kai da ka yi naka a jami'ar kuɗi, ina ka san albashin cibiyar gwamnati? Cibiyoyin CSIR ba su da digirin kansu ma, makarantarsu ta AcSIR ce ke bayarwa, da kwamitinta da ke zama a kan aikin ɗalibi lokaci-lokaci. Tsarin daban ne.

Injiniya Bichi: To Malam, wanda ya kwana a ƙasar da wanda ya ji a bakin ɗalibi, wa ya fi cancanta ya yi magana?

Na Gidan Sarki: Ku yi haƙuri. Ni damuwata kar ya dawo yana kaɗa kai in an tambaye shi e ko a'a. Nama dai ba matsala, Laknau garin kabab ne. Ka tafi da rigar sanyi don Janairu, Mayu kuwa ka ɗauka kana Sakkwato.

Ummu Sumayya: Wani zai ce maka ka sauƙaƙa, ka yi aiki da ɗan'uwan marke da ke fitowa a Indiya, wanda suke kira dhaura. Ka yi hattara. Dokarsu ta 2002 ta ce baƙo ba ya taɓa tsiron ƙasar don bincike sai da amincewar hukumar kula da albarkatun tsirrai da halittu da ke Cennai, kuma ba a kwana biyu take fita ba. Sannan ka tambayi abin da ke cikin sito. Kafin a sassauta dokar a 2025, sayayyar cibiyoyin gwamnati ta dandalin intanet na GeM take bi, masu binciken can sun daɗe suna kuka da jinkirinta, ga harajin kayan bincike da aka janye masa rangwamen biyan kashi 5 cikin ɗari kacal a 2022. Silikar cika kolum mai lamba 60 zuwa 120 ba ta yankewa a wurinsu, amma kolum na injin ware sinadarai na HPLC ko sinadarin da ake shigowa da shi daga waje, in babu kuɗin aikin da ya rufe shi, jira ne.

Ɗan Birni: Su aƙalla jira suke yi kayan ya zo. Mu fa? A sayo NMR da miliyoyi, a yanka kintinkiri, ba a ware ko kwabo na ruwan hiliyam ba. Maganaɗisun nan dole ya zauna cikin hiliyam, ga naitirojin da ake ƙara masa duk mako ko biyu. Ranar da ya ƙafe, shi ke nan, tayar da shi wani kasafin ne.

Dakta Maman Hanif: Shi ya sa har yau ake ɗura samfur a 'yar kwalba a ba matafiyi. Mutum ya koyo aiki shekara huɗu, ya dawo ko injin janye metanol babu wutar kunna shi.

Injiniya Bichi: Sola za ta riƙe firiza da ƙananan injuna in an yi lissafin batir daidai. Matsalar ba a tambayar injiniya sai an gama saye.

Abu Ammar: Na gode ƙwarai malamai. Na duba, saura shekara tara ya yi ritaya. Amma har yanzu ban ji ba: in tafi da marken ko in bar shi?

Na Gidan Sarki: Injiniya, batir nawa firiza mai digiri 20 ƙasa da sifili za ta ci daga magariba zuwa asuba?