Fulawar okid ɗina tana mutuwa a ɗaki, dan Allah a taimaka

Maman Ilham, Ringim:
Salamu alaikum 'yan uwa. Yayana ne ya kawo min wata fulawa daga Abuja wai sunanta okid, a cikin 'yar roba wadda ake hango cikinta, furenta fari tas mai kyau. Ta daɗe da furen sai kawai suka zube duka. Da na duba robar babu ƙasa ko kaɗan sai ɓawon itace, shi ne na sa yara suka ɗebo min ƙasar fadama na haɗa da ɗan takin awaki na sake dasa ta, kullum da safe ina zuba mata ruwa amma wallahi ganyen sai ƙara yaushi yake yana yamutsewa, na ƙasan ma ya koma ruwan ɗorawa. Ruwan ne bai isheta ba ko zafin bazarar nan ne?

Ɗan Fadama, Kura:
Wa'alaikumus salam Hajiya. Ni dai tumatir da albasa na sani, amma shuka in ta yi yaushi ai ƙishi ne, ki ƙara mata ruwa da yamma ki ɗan fito da ita ta sha rana.

Baba Mai Fulawa, Gezawa:
A'a Malam, kar ta yi haka, in ta ajiye ta a ranar Afrilun nan da zafi ke haura digiri 40 ganyen ƙonewa zai yi. 'Yata, ruwan ne ya yi mata yawa, ƙasar kuma ita ce babbar matsalar. Na jima ina saida fulawa a bakin titi a cikin Kano, irin wadda kika faɗa sunanta Phalaenopsis, asalinta dazukan Indonesiya da Filifin ne, kuma can ba a ƙasa take fitowa ba, a jikin bishiya take maƙalewa kamar kauci, sai dai ita ba ta tsotsar bishiyar, saiwarta a waje take tana shan iska da ruwan sama. Toh kin binne saiwar a laka, ta ruɓe, ruɓaɓɓiyar saiwa kuwa ba ta jan ruwa, shi ya sa ganyen yake yaushi alhali tukunyar a jiƙe take sharkaf.

Yau ɗin nan ki zare ta ki wanke saiwar. Duk wadda ta yi baƙi ko ta yi laushi in kin matsa, ki yanke da sabuwar reza, ki ɗan shafa garin kirfa a bakin yankan kawai, ki barta ta sha iska a inuwa zuwa gobe. Mai rai za ki ji ta da tauri. Ki mayar da ita robarta ta da, ki ƙara huda ƙasan, ki cika da ɓawon nan in yara ba su zubar ba, in babu ki farfasa gawayi ƙanana ki wanke ki haɗa da tsingaro. Takin awaki da na buhu duk ki manta da su yanzu.

Ban ruwa kuma saiwar za ki dinga kallo, amfanin robar kenan. In ta yi kore shar akwai ruwa, in ta koma fari-fari kamar azurfa sai ki tsoma tukunyar a ruwa minti 10 zuwa 15 ki ɗaga ya tsiyaye tas. Kamar sau ɗaya a sati, da zafi ko hunturu ya kan fi haka. Kar ruwa ya kwanta a tsakiyar ganyen, nan take ruɓewa gaba ɗaya. Zubewar fure kuma ba ciwo ba ne, lokacinsa ne ya yi.

Maman Ilham, Ringim:
Baba Allah ya saka da alheri. Na zare ta, wari kawai take, amma akwai 'yan saiwoyi masu tauri da suka rage. Ruwan burtsatse muke sha, zai yi? Kuma yaushe za ta sake fure?

Baba Mai Fulawa, Gezawa:
In dai da saiwa mai tauri akwai rai. Ruwan burtsatse zai yi in ba shi da kanwa-kanwa, in kin ga fari yana taruwa a jikin gawayin to ki canza, da damina ki tara mata ruwan sama ya fi komai. Ki ajiye ta kusa da tagar gabas bayan labule mara kauri, nesa da hayaƙin murhu. Ganyen da ya yamutse ba lallai ya miƙe ba, sabon ganye da sabuwar saiwa za ki jira kuma abin yana ɗaukan watanni. Fure sau ɗaya take yi a shekara yawanci, sanyin dare ne ke sa ta fitar da kara, amma wadda ta sha irin wannan wuyar tana iya tsallake hunturun bana sai na baɗi.

Ɗan Fadama, Kura:
Ikon Allah, shuka a cikin gawayi! Toh Hajiya ki bi ta Baba, tawa ki barta.