Wai Steven Caulker gwani ne, ko yawon kulob kawai ya iya?

Na_Tudun_Wada:
Salamu alaikum jama'a. Tambaya ce da ni ga waɗanda suka daɗe suna bin Firimiya. Akwai wani ɗan baya Steven Caulker, baƙi ne dogo, ni dai a Liverpool na san shi kuma ko a can ɗin ban ga ya yi wani abin kirki ba. To musu ne ya kaure a majalisarmu, wani yana ta rantsuwa wai da don ƙwallo ce zalla da yaron nan ya yi shekara goma yana tsaron bayan Ingila, ni kuma na ce in har gwani ne me ya hana shi zama wuri ɗaya? Kulob ɗin da ya buga wa sun haura 12. Wanda ya iya ai riƙe shi ake yi, ku dubi Terry a Chelsea ko Carragher a Liverpool. Sannan wai ya buga wa Ingila ya kuma buga wa Saliyo, ta yaya haka ta yiwu? Don Allah wanda ya san labarinsa ya warware mana, mun yi alkawarin wanda ya faɗi shi zai biya shayin kowa.

Baban_Ummi_Gyallesu:
Wa alaikumus salam. Ɗana, ka fara tanadin kuɗin shayi, don abokin naka ya fi ka kusa da gaskiya ko da yake shi ma ya ɗan ƙara gishiri.

Caulker ɗan Landan ne, haihuwar Disamba 1991, a makarantar horon yara ta Tottenham ya taso. Su manyan kulob ɗin Ingila haka suke yi, yaro in ya kai 17 ko 18 ba a barinsa ya ruɓe a benci, sai a tura shi aro ƙananan rukuni ya sha gwiwar hannu a wurin ƙarti. Shi an fara tura shi Yeovil, daga nan Bristol City, sannan Swansea a kakar 2011/12 lokacin Brendan Rodgers na koci kuma shekararsu ta farko ke nan a Firimiya. Ka ga tun nan kulob huɗu sun shiga lissafinka alhali yaron bai wuce shekara 20 ba, kuma a duk wuraren nan buga wasa yake yi ba ɗumama benci ba. Wannan ba ya cikin yawon da kake zargi, karatu aka tura shi.

A 2012 yana cikin tawagar Birtaniya a gasar Olamfik ta Landan. A Nuwamban shekarar Roy Hodgson ya sa shi wasan sada zumunta da Suwidin, wasan nan da kowa ke tunawa saboda ƙwallon da Ibrahimovic ya wuntsila ya buga ta baya daga nesa bayan Joe Hart ya fito. Abin da mutane suka manta shi ne Caulker ya ci ƙwallo a ranar, shi ya ci ta biyu Ingila ta shiga gaba 2-1. Aka cire shi saura kamar kwata a tashi aka sa Shawcross, kafin ka ce kwabo Ibrahimovic ya ƙara uku aka tashi 4-2. Wasa ɗaya, ƙwallo ɗaya, daga nan ba a sake sa masa rigar Ingila a fili ba.

Inda ni nake ganin lissafi ya fara karkacewa shi ne 2013 da ya bar Tottenham ya tafi Cardiff a kan kuɗin da aka ce sun kai fam miliyan 8. Ya yi ƙoƙari a can, shi ya ci ƙwallon da suka doke Swansea 1-0 da ka, kuma wannan wasan hamayya ne mai zafin gaske a Wels, amma ƙarshen kaka Cardiff ta faɗa ajin 'yan dagaji. Ya koma QPR a 2014, su ma suka faɗi a 2015. Ɗan baya in ya faɗi sau biyu a jere, ko ba laifinsa ba ne sunan ya manne masa, manyan kulob sai su fara kallonsa a kaikaice.

YNWA_Sabongari:
Hahaha Baba ka tuna min. Ni fa ba zan yarda a ce bai yi komai a Liverpool ba, ya yi, sai dai ba aikin da aka ɗauko shi ya yi ba. Janairun 2016 ne, Klopp bai fi wata uku da zuwa ba, 'yan bayanmu duk sun jikkata, Skrtel ba ya nan Lovren ba ya nan, aka rasa yadda za a yi sai aka katse aron da yake yi a Southampton inda ma ba a cika sa shi ba aka kawo shi Anfield. To ka ji ikon Allah, wasansa na farko da Arsenal ana cinmu 3-2 lokaci ya kusa ƙarewa sai Klopp ya sako shi ya nuna masa gaba, wai ya je ya tsaya lamba tara a riƙa ɗaga masa sama, Joe Allen ya rama aka tashi 3-3.

Na Norwich kuwa ba na mantawa. Wasan rana ne, ga hazo ga sanyi, muna gidan kallo a Sabon Gari an rufe ƙofar langa-langa saboda haske kar ya kashe allon, janareta na ta ƙara a bayanmu. Ana cinmu 3-1 'yan Man U da ke benci na baya suka fara yi mana waƙa. Muka farke muka wuce 4-3, sai ga Bassong ya rama a ƙarin lokaci, 4-4, wani yaro a gefena ya cire hularsa ya buga da ƙasa ya fice. Bai kai bakin titi ba aka cilla ƙwallo cikin da'ira, Caulker na can tsakiyar hargitsin yana ta kai-kawo da 'yan bayan Norwich, ta faɗo gaban Lallana ya ɗirka ta a raga, 5-4. A murnar nan ne aka fasa wa Klopp tabarau. Mu kuma benci ɗaya ya karye da mutane a kai, mai gidan kallon ya kashe sauti ya ce ba mai fita sai an haɗa masa kuɗin kafinta.

Amma tsakani da Allah wasanninsa a Liverpool ba su kai yatsun hannu ɗaya ba, in daga nan kaɗai ka san shi dole ka raina shi.

Malam_Kongo:
Duk kun yi bayani amma kun tsallake babban dalilin, kuma ba gulma ba ce don shi da bakinsa ya faɗa wa jaridar Guardian a 2017. Ya ce shekaru ya yi yana fama da caca da giya da ciwon damuwa, kuɗi masu yawa sun tafi a caca, kuma abin ya faro tun yana yaro ana tura shi aro garuruwan da bai san kowa ba, an gama atisaye da rana sai ɗaki shi kaɗai ga kuɗi a aljihu. Ƙarshen 2017 suka rabu da QPR, ya je Dundee a Sikotilan a 2018 bai cika shekara ba ya bari. Mutumin da aka saya miliyoyi ya zamana babu mai ɗaga masa waya a Ingila.

Ni abin da ya sa nake girmama shi ke nan, don ba kowa ke iya fitowa duniya ya tona kansa haka ba, balle ɗan ƙwallo da yake tsoron kar kociyoyi su guje shi. Kuma kar mu yi kamar abin na Turawa ne. Ku zaga Samaru ko Kwangila ranar Asabar ku ga yadda samari ke cika shagunan caca, kowa da doguwar takarda a hannu yana jiran wasa goma sha biyar su faɗo masa daidai, yanzu ma ba sai an je shago ba a waya ake yi cikin bargo. Ina koyarwa, na ga ɗalibin da ya sa kuɗin rajistarsa a kan wasa ɗaya. Allah ya shirya mana.

Abin da ya biyo baya shi ne amsar tambayar mai tambaya. A Janairun 2019 ya tafi Turkiyya, Alanyaspor, kulob ɗin da yawancinmu ba mu taɓa jin sunansa ba. A nan ya dawo hayyacinsa, ya yi sama da shekara biyu yana buga musu a kai a kai, suka kai wasan ƙarshe na kofin Turkiyya a 2020 Trabzonspor ta doke su. Wasan da ya yi a can ne ya sa Fenerbahce ta ɗauke shi a 2021. Wanda bai iya ba Fenerbahce ba ta kallonsa.

Dan_Chelsea_PZ:
Malam da girmanka amma ka ƙarasa zancen mana. Fenerbahcen ta ɗauke shi, sai me ya faru? Ko wasan gasa ɗaya bai buga musu ba aka tura shi aro Gaziantep, daga nan Karagumruk, daga nan Wigan a 2023, su ma Wigan ɗin suka faɗi a kakar. Ni ina bayan Na_Tudun_Wada. Tausayi daban, ƙwallo daban. Mutum nawa ne suka taso cikin wahalar da ta fi tasa kuma suka tsaya suka yi suna? Gary Cahill ma ai ya yi aro a Burnley da Sheffield United, ya yi Bolton, amma da ya samu dama a Chelsea ya riƙe ta da hannu biyu har ya ɗaga Champions League wata huɗu da zuwansa. Shi wannan an ba shi Tottenham an ba shi Liverpool an ba shi Fenerbahce, sau nawa ake so a ba mutum?

Kuma ku daina cewa wai da ya yi shekara goma a Ingila, wannan zancen shayi ne. Stones na tasowa a lokacin, ga Smalling ga Jones, daga baya ga Maguire.

Baban_Ummi_Gyallesu:
Dan_Chelsea, na yarda da kai a kan shekara goman nan, shi ya sa na ce an sa gishiri. Amma ma'aunin da kuke ɗauka ne bai yi min ba. Ku kuna kallon kulob shida na sama ne kawai, alhali Ingila kulob 92 ne a rukuni huɗu na ƙwararru, kuma mafi yawan masu cin abinci da ƙwallo a can irin su Caulker ne, kwantiragin shekara ɗaya ko biyu, koci ya canja a ce ba a yi da kai, ka kwashe iyali ka nemi wani gari. Irin su Terry su ne 'yan tsiraru. Yaran da ake ɗauka makarantun horo kuwa akasarinsu ko wasa ɗaya ba sa bugawa a Firimiya, a sallame su suna 18 ba sana'a ba karatu. Shi kansa Caulker daga baya ya kafa wani shiri na tattara irin waɗannan yaran da aka sallama yana nema musu wata dama.

Batun Wigan ma akwai abin da ba ka faɗa ba. Koci Kolo Toure ne ya kawo shi, sun zauna tare a Liverpool, to bai yi wata da zuwa ba aka kori Kolon bayan wasa 9 ba nasara, ga kulob ɗin ba ya biyan albashi a kan lokaci har aka zaftare musu maki. Wane ɗan baya ne zai gyara wannan? Mu da muka san yadda 'yan wasan gasarmu ta gida ke yi, bana Kano baɗi Katsina ko Bauchi saboda bin bashin albashi, bai kamata mu yi saurin cewa duk mai canja riga bai iya ba.

Hajiya_Gunners:
Ba wanda ya amsa masa na Saliyo. Kakansa na wajen uba ɗan Saliyo ne, kuma wasan da ya yi wa Ingila na sada zumunta ne guda ɗaya yana ɗan 20, don haka FIFA ta amince ya canja ƙasa a ƙarshen 2021, daf da gasar kofin Afirka ta Kamaru da aka buga Janairun 2022. Rabon Saliyo da gasar tun 1996. Wasansu na farko da Aljeriya mai riƙe da kofi, da su Mahrez da kowa, aka tashi 0-0, golansu Mohamed Kamara ya yi ta kaɗe ƙwallaye har ya fashe da kuka da aka ba shi kyautar gwarzon wasa, amma duk wanda ya kalla ya ga yadda Caulker ya riƙe tsakiyar bayan nan yana ta jefa jiki. Suka yi 2-2 da Kwaddibuwa, kuma abin dariya Zaha na cikin tawagar Kwaddibuwa, shi ma a wancan wasan na Suwidin ya fara buga wa Ingila, rana ɗaya da Caulker. A wasa na uku Equatorial Guinea ta ci su 1-0, Kei Kamara ya ɓarar da fenareti ana dab da tashi, da ta shiga da sun tsallake rukuni.

Su Saliyon nan dai ku tuna su ne suka zo birnin Benin a Najeriya a 2020 muna cinsu 4-0 suka farke tas, lokacin ma babu Caulker.

Na_Tudun_Wada:
Na gode Baba, na gode Malam, Hajiya Allah ya saka da alheri. Na Saliyo na karɓa. Amma shayi rabi zan biya, tunda Baba da kansa ya ce zancen shekara goma gishiri ne, kuma Dan_Chelsea shaidata ne. YNWA, kuɗin kafintan nawa ya kama kowa?

YNWA_Sabongari:
Hamsin-hamsin, 'yan Man U suka ce ba da su aka karya ba suka ƙi biya.