Dagwalon masana'antun fata a Kano: ana iya ɗaure wani kuwa?

Manomin Kumbotso:
Assalamu alaikum. Masana shari'a, a taimaka. Dagwalon da ke fitowa daga masana'antun jima na Challawa da Sharaɗa yana gangarawa kogi, da shi kuma ake ban ruwan lambu da rani. Wannan laifi ne da ake ɗaure mutum a kansa, ko sai dai a yi ta koke? Ta ina ake farawa?

Barista:
Wa alaikumus salam, Malam. Laifi ne. Sashe na 27 na dokar NESREA (hukumar tarayya mai tabbatar da bin dokokin muhalli) ta 2007 ya haramta sakin abu mai guba cikin ruwa, ƙasa ko iska fiye da ƙima. Yadda aka fara zartar da ita, mutum zai iya shan tarar da ta kai naira miliyan 1 ko ɗaurin da ya kai shekara 5. Kamfani kuwa miliyan 1, da ƙarin naira 50,000 a kowace ranar da laifin ya ci gaba. An yi wa dokar gyara a 2018, don haka lauyanku ya duba sabon rubutun kafin ya kawo adadi. Abin da ya fi tarar tsorata masu kamfani shi ne sashen ya haɗa da wanda ke riƙe da ragamar kamfanin lokacin da aka yi laifin, sai fa in ya nuna ba da saninsa ba ne, ko ya yi iya ƙoƙarinsa ya hana.

Ku ba ku ne za ku gurfanar ba, aikin hukuma ne. Ku rubuta koke zuwa ofishin NESREA na Kano, kwafi ga ma'aikatar muhalli ta jiha, da sa hannun mai unguwa da dagaci. A buga muku hatimin karɓa a kan naku kwafin. Koken da ba hatimi, gobe a ce ba a gan shi ba.

Injiniyar Ruwa:
Barista ya gama da doka, amma irin wannan shari'a a kan kwalbar ruwa take tsayawa ko ta faɗi. Ruwa ya yi baƙi yana warin ruɓaɓɓen ƙwai, wannan ba hujja ba ce gaban alƙali, duk da cewa warin alamar sinadarin salfaid ne da ake cire gashin fata da shi. Abin nema shi ne kuromiyam, wani sinadarin ƙarfe da ake jima da shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakarsa a ruwan sha miligiram 0.05 a lita.

A ɗebi ruwa wuri uku a rana ɗaya: sama da masana'antar, bakin bututunta, sai ƙasa inda manoma ke jan ruwa. Na bakin bututu shi ne mai wuya, shi ne kuma mai amfani. Masana'antu da yawa magudana ɗaya suke zubawa, na Sharaɗa ta rafin Salanta, na Bompai ta rafin Getsi zuwa kogin Jakara. In a magudanar gama-gari aka ɗiba, lauyan kamfani zai ce na maƙwabcinsu ne, magana ta mutu.

Kwalba ta zama sabuwa daga ɗakin gwaji, ba robar lemo da aka ɗauraye ba. Ta gwajin ƙarafa ana ɗiga mata ruwan asid na naitirik don kada ƙarfen ya manne a jikin kwalba. Amma ta nau'in kuromiyam da ake kira mai lamba 6, wanda ya fi guba, ba a sa mata asid. A sa ta a ƙanƙara a kai ɗakin gwaji cikin awa 24. A rubuta rana, lokaci, wuri da sunan wanda ya ɗiba, a liƙe baki, duk hannun da ta shiga ya sa hannu a takarda. Jami'in hukuma ya ɗiba, ku ku tsaya shaida. Ku kuma rubuta lokutan da ruwan ke canja launi na mako biyu ko uku, domin mai son ɓoye dagwalo da dare yake saki ko ana tsaka da ruwan sama, mai duba gari kuwa da hantsi yake zuwa.

Manomin Kumbotso:
Allah ya saka, Hajiya. To Barista, in an ci su tara, manoman da latas da tumatirinsu suka ƙone za su samu wani abu?

Barista:
Tara aljihun gwamnati take shiga, Malam. Diyya sai kun shigar da taku ƙarar daban, kowa ya nuna asarar da ta same shi shi kaɗai: girman gona, abin da ya saba ɗauka, abin da ya ɗauka bana, rasit na taki da iri. Kada kuma wani ya ruɗe ku da dokar shara mai guba ta 1988, wadda aka yi bayan an jibge sharar Italiya a garin Koko da ke jihar Delta ta yanzu. Ɗaurin rai da rai ne a cikinta, amma ba kasafai ake ɗaga ta a kan dagwalon masana'anta ba. Ku fara da koken da kwalaben, sakamakon gwajin nan shi za ku riƙe ku je neman diyyar.