Musayar Waƙa: A Ina Ake Ganin Tsarki?

Dattijon Wusasa:
Salama a gare ku, 'ya'yana da ƙannena. A sujadar Lahadi an karanta mana 1 Bitrus 1:15-16, inda manzo ya ce mu zama masu tsarki cikin dukan al'amuranmu, domin wanda ya kira mu mai tsarki ne. Ina da tambaya, kuma da waƙa nake so a ba ni amsa. Ƙwar huɗu za mu yi, kowane baiti ya sauka a kan "ki". Wanda karinsa ya karye ba za a kore shi ba, dariya kawai za a yi masa.

Da sunan Uba nake farawa,
Da Ɗansa mai ceton kowa,
Da Ruhu mai ƙarfafawa,
Allah ɗaya, babban Sarki.

Manzo ya rubuta wa zaɓaɓɓu,
A Galatiya suke, tsanantattu,
Ya ce: tun da kun zama keɓaɓɓu,
Sai ku yi zama na tsarki.

Bai ce wa limamai kaɗai ba,
Bai ware masu wa'azi ba,
Bai bar manomi da direba ba,
Har mai tuya da mai wanki.

To ga tambaya, ku ba ni amsa:
Ran Lahadi duk mun ɗaga kai bisa,
Ran Litinin in mun sauko ƙasa,
A ina ake ganin tsarki?

Mawaƙin Samaru:
Baba, ranka ya daɗe, ga tawa:
Tsarki ai shi ne rabuwa,
Da duniya da abin sha'awa,
A bar giya, a kame jiki.

Mace ta ɗaura ɗankwalinta,
Ta bar ƙarin gashi a kanta,
Zane ya sauka har ƙafarta,
Kar ta zo coci da shigar biki.

Bulus ya faɗa wa Tasalonika,
Nufin Allah shi ne tsarkinka,
Guji fasikanci, riƙe kanka,
Sura huɗu ce, duba ciki.

Waya ma, Baba, sai an kula,
Dare ya raba, an kashe fitila,
Saurayi ya ja bargo ya lula,
Ido na kiwo ba shamaki.

Mama Mai Awo, Sabon Gari:
Oho, ɗana! Kullum aka ce tsarki sai a fara da kan mace. A zumuntar mata mun sha jin wannan har mun haddace. Ka buɗe Littafin Firistoci sura 19 ka karanta ta har ƙarshe, kar ka tsaya a aya ta 2.

Ɗana, na ji ka, sannu da ƙoƙari,
Ɗankwali ina da shi tun fari,
Amma biyo ni Sabon Gari,
Ka ga inda ake gwajin tsarki.

Akwai mudun saye, akwai na sayarwa,
An bubbuge gindin na bayarwa,
Mai shi a coci shi ke rerawa,
Hannu sama, har da rawar jiki.

Wake mai ƙwari a ƙasan buhu,
Mai kyau a baki, sauran a duhu,
Sannan a ce an cika da Ruhu,
Wannan abu da ban mamaki.

Ayar da Bitrus ya ɗauko,
Ta bakin Musa ta zo tun farko,
Ta wuce zancen kwanon baiko,
Ta shiga gona da wurin aiki.

Ta ce ka bar kala a gona,
Ladan lebura kar ya kwana,
Ma'auni ya zam na gaskiya, ɗana,
Kar ka yi yawo da tsegumi a baki.

Tela na Tudun Wada:
Mama, kin taɓo inda ke min ciwo,
Wani babba a coci ya kawo
Shadda mai tsada, ya ce zai dawo,
Na hana ido barci kan ɗinki.

Ya sa rigar ran Kirsimeti,
Shi ne ma'ajin wani kwamiti,
In ya hango ni ya sake titi,
Har Ista shiru, ba ladan aiki.

Mama Mai Awo, Sabon Gari:
Tela, Allah ya fid da haƙƙinka,
Amma "zo gobe" ta zama sunanka,
Ubangiji ya ce "i" ta ishe ka,
Ina zanen zumunta da na ba ka ɗinki?

Tela na Tudun Wada:
Haba Mama, a gaban jama'a? An yanka, saura haɗi.
Ga keke, ga zare, babu lantarki.

'Yar Kongo:
Iyayena, a gafarce ni in na shiga maganar manya. Na karanta duk abin da aka rubuta, sai na ji jikina ya yi sanyi.

Iyayena, tsoro ya kama ni,
In tsarki sai an cika ma'auni,
In da mudun Mama za a auna ni,
Ni kam na san ba ni da maki.

Bafarisiye ya shiga Haikali,
Yana lissafin kyawun hali,
Mai karɓar haraji can gefen fili,
Yana bugun ƙirji, yana makoki.

Wa ya koma gida kuɓutacce?
Wanda ya san shi ɓatacce,
Afisawa biyu ma haka ta ce:
Ceto kyauta ne, ba ladan aiki.

Mai Bishara na Shika:
Madalla da ke, 'yata. Tsoron nan naki ya fi mini gabagaɗin mutane da yawa. Amma kin rufe Littafin da wuri.

'Yata, kin karanta takwas da tara,
Aya ta goma sai ki ƙara,
An sake halittarmu don mu fara
Tafiya cikin ayyukan kirki.

Zakka na kan ɓaure a Yariko,
Yesu ne ya kira shi da farko,
Ba sharaɗi, ya ce: maza sauko,
Yau gidanka ne masauki.

Sai ga Zakka tsaye ya miƙe,
Rabin abin da yake riƙe
Na matalauta ne, ya yanke,
Wanda ya zalunta, huɗu ne ninki.

Ba wanda ya ba shi umarnin biya,
Baƙon ne ya sauya masa zuciya,
Mai cewa ya tuba amma ya ƙi biya,
A sake tambayarsa wa ke ciki.

Luka 19 ke nan. Tela, in ka ga dama ka aika wa mai shaddarka da ita, ba sai ka ƙara ko kalma ɗaya ba.

Dattijon Wusasa:
Kun ba ni fiye da abin da na nema. Bari tsoho ya ɗan yi tarihi, don yaran yanzu sun ɗauka a Wusasa muka faɗo daga sama. Likita Miller, Baturen mishan, ya zauna a cikin birnin Zariya tun 1905, a Durumin Maigarke, katanga da katanga da Musulmi. A 1913 wasu daga cikin Isawa, masu girmama Annabi Isa ƙwarai, zuriyar almajiran Malam Ibrahim da aka kashe a Kano, suka zo wurinsa. Aka kafa musu zama a Gimi, ciwon barci ya yi musu mummunar ɓarna. Sai a 1929 mishan ta koma Wusasa, a gindin dutsen Kufena, aka gina majami'ar St. Bartholomew da ƙasa, ginin Hausa sak. A 1932 aka buga Littafi Mai Tsarki dukansa da Hausa. Mutanen nan 'yan tsiraru ne, kowa ya san gidan kowa, kuma ido na kansu safe da yamma. Asibitin St. Luke ba ya tambayar mai ciwo addininsa kafin a duba shi. Shi ya sa idan na ji ana cewa rabuwa, nakan tambaya: rabuwa da me, kuma zuwa ina?

Ɗana na Samaru, tsaya ka ji,
A Yahaya sha bakwai, Ubangiji
Ya ƙi roƙon a kai mu jeji,
Sai a tsare mu muna nan ciki.

Maƙwabcina Musulmi, tare muka girma,
Ba ya jin wa'azinmu, na Kirsimeti ma,
Ajiya yake ba ni in zai tafi noma,
Ya dawo ya ƙirga, nan yake ba ni maki.

Mawaƙin Samaru:
Baba, na ji, na kuma rusuna,
Amma an tsallake min magana,
Mudu ana ganinsa da rana,
Wa ke auna abin cikin ɗaki?

Markus bakwai ya ce daga zuciya,
Can ne mafarin sata da ƙarya,
Mai mudu daidai don jin kunya,
Shi ma da sauransa a tsarki.

Mama Mai Awo, Sabon Gari:
Wannan kam ka faɗi gaskiya, ɗana. Na san masu awo da suke cika mudu har ya yi tozo don kawai kar abokin ciniki ya koma rumfar gaba. Amma ɗankwali dai ka bar mana abinmu, mun san yadda ake ɗaura shi tun ba a haife ka ba.

'Yar Kongo:
Malam mai bishara, na gode, na karanta ayar ta 10. To ga wata, don ita ce ke gabanmu mu ɗalibai da masu neman aiki, ba labarin Yariko ba ce.

Takardarka na wani ofis a kulle,
Kullum ka je a ce maka gobe lalle,
Sai masinja ya ja ka gefe ya kalle
Ka, ya ce: ɗan goro ke motsa aiki.

Mai karɓa kam mun san hukuncinsa,
Mai bayarwa fa, da haƙƙinsa yake nemansa?
Ga uwa a gida na jiran albashinsa,
Ya bayar ko ya haƙura da aikin, Baba? Ku faɗa mana da baki.