Inshorar mage a Ingila: za su biya ciwon da yake da shi tun kafin rajista?

Maman_Hanan: Salam jama'a, dan Allah masu mage a Ingila ku taimaka. Muzurunmu ne fitsari ya toshe masa bara, sai da aka kwantar da shi aka sa masa roba, kuɗin da muka biya wlh har yanzu ban dawo daidai ba. Yanzu ya warware kuma yara sun matsa a yi masa inshora, to in ciwon ya dawo za su biya ko asarar kuɗi zan yi duk wata?

Abu_Safwan: Wslm Hajiya. Gaskiya yawancin kamfanoni ba sa biyan ciwon da ya riga rajista, kuma kar ki ce za ki ɓoye don ranar da kika nemi su biya likitan dabbobinku za su tambaya ya turo musu tarihin magen gaba ɗaya, ko alama ce kawai aka taɓa rubutawa, misali yana yawan zuwa kwandon yashinsa yana nishi, sai su ce ai tsohon ciwo ne. Sannan yawanci akwai kwana 14 na farko da ba sa biyan rashin lafiyar da ta ɓulla a ciki.

Zee_Leeds: Yaya Abu ba duka ba fa. Akwai masu cewa in ya yi shekara 2 ba magani ba ganin likita a kan ciwon to sun daina lissafa shi tsoho, wasu ma suna da tsari na musamman don irin wannan amma abin da suke biya bai da yawa. Ni dai shawarata Anti ki yi masa mai ɗorewa har ƙarshen rayuwa, ba irin wanda suke biyan ciwo wata 12 su tsaya ba, ko ba su biya mafitsarar ba ai akwai ciwon ƙoda da na suga da karaya a gaba. Kuma in kin shiga kar ki riƙa canza kamfani don neman araha, duk ciwon da ya yi a wancan tsoho ne a wajen sabon.

DanZaria: Ikon Allah, mage da inshora mu ko a gida kan kifi ake jefa mata 😂 ki gwada PDSA mana, ƙungiyar agajin nan mai asibitocin dabbobi.

Zee_Leeds: Malam PDSA sai mai karɓar tallafin gwamnati kuma yana zaune a yankin asibitinsu, masu bizar karatu ko ta aiki yawanci ba su ciki.

Maman_Hanan: Na gode sosai. To in sun ƙi biyan wani ciwo daban suka laƙaba shi ga mafitsarar fa?

Abu_Safwan: Ki sa likita ya rubuto cewa ciwukan ba su da alaƙa, ki kai wa kamfanin ƙorafi a rubuce. In sati 8 ya wuce shiru ko amsarsu ba ta gamsar da ke ba sai ki tafi Financial Ombudsman Service, hukumar da ke sauraron ƙorafi a kan kamfanonin kuɗi da inshora, kyauta ne.